Ƙwandalar Tagullar Sagindik

Duk wanda ya san Sagindik a unguwarmu ya san bai taɓa shiga kanti da sunan cefane ba sai da ya haura saba'in. Ni na fi kowa sani, domin ƙofata na kallon tasu a hawa na uku tun lokacin da masana'antar taki ta raba wa ma'aikatanta gidaje a nan birnin Taraz. Mijina Bektursin, Allah ya jiƙansa, direba ne a masana'antar. Sagindik kuwa mai feƙe ƙarfe ne. A kawo masa guntun da ya karye a cikin inji, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya je ya feƙo wani irinsa sak. Da aka rufe sashensu sai ya sayi tsohon injin da ya tsufa a kansa, ya kai shi garejinsa na bayan gida, ya ci gaba da share shi kamar doki.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa kaɗan. Ba ya shan giya, ba ya ɗaga hannu a kan kowa, ba ya wasa da salla tun ma zamanin da gwamnati ta rufe masallatai. Aibinsa ɗaya ne: abin da yake nasa, nasa ne. Ba rowa nake nufi ba. Zai aiko maka da cinyar doki in ya yanka na hunturu, amma ba zai ara maka guduma ba. Sai dai ya biyo ka har gida, ya buga maka ƙusar da hannunsa, ya koma da abarsa.

Haka yake da matarsa Nesibeli. Bai taɓa hana ta fita ba, bai taɓa tambayar ta inda ta je ba. Amma in aka je biki, kowa ya rataye rigar sanyinsa a bakin ƙofa, shi sai ya karɓi tata ya ninke ya ɗora a cinyarsa, ya zauna da ita har a tashi. Ta yi rawa, ta yi hira da wanda ta ga dama, daga ƙarshe dai wurinsa za ta dawo kafin ta fita. Mata suna yi mata dariya a kan haka, ni ma ina taya su. Bektursin kuwa ya taɓa mantawa da ni a wurin biki a ƙauye, sai da ya iso gida ya nemi shayi sannan ya tuna. Mutumin kirki ne, ban da abin da zan faɗa a kansa sai alheri. Amma na sha zama a gidan biki ina kallon rigar nan a cinyar Sagindik fiye da yadda nake kallon amarya.

Mutum ɗaya ne a duniya yake taɓa abin Sagindik ya kwana lafiya, shi ne Orazali. Kurdas ɗinsa ne, wato sa'ansa, shekara ɗaya aka haife su, a ƙauye ɗaya. Kowa ya san abin da ke tsakanin kurdas da kurdas: ya zage ka a gaban surukanka, ya ɓoye maka takalmi a gidan biki, ya kira matarka tasa, ba ka da ikon yin fushi. Sai dai ka rama. Wanda ya yi fushi da kurdas ɗinsa, da shi za a yi ta ba da labari har jikokinsa su ji. Orazali dogo ne, mai duba tikiti a jirgin ƙasa a zamanin ƙuruciyarsa, bakinsa ba ya hutawa. Tun suna samari yake cewa shi ya fara ganin Nesibeli a bakin rijiya, jirgi ne kawai ya tafi da shi, kafin ya dawo maƙeri ya yi masa sata. Sagindik yakan yi murmushi ya ce, "Surutu dai." Iyakar ramuwarsa ke nan, domin shi bai iya wasan baki ba.

Matar Orazali, Kulpan, ta rasu. Bayan rasuwarta ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, ya warke amma ƙafar hagu ta ƙi komawa daidai. 'Yarsa ta saya masa sanda, ya rataye ta a bango ya ce ta tsofaffi ce.

Da aka buɗe babban kantin nan na bayan gada, sai suka sa rangwame ga 'yan fansho ranar Alhamis da safe. Ya yi mana daidai, tunda ranar ce muke sayen mai da fulawa na gurasa bakwai da muke soyawa mu raba sadaka don mamatanmu. Ni da Nesibeli bas ɗaya muke shiga. Amalanken da ake tura cefane a kantin kowanne ɗaure yake da na gabansa da 'yar sarƙa. Sai ka tura ƙwandalar tenge ɗari, kuɗin ƙasarmu, a bakin makullin da ke jikin mariƙinsa sannan ya saki. In ka gama ka mayar da shi layinsa, ka ɗaura sarƙar, ƙwandalarka ta turo kai. Layin yana bakin ƙofar kanti, tashar bas kuwa tana can ƙarshen filin motoci. Don haka mu 'yan bas muka samo dabararmu: ka tura kayanka har tasha, ka sauke, wanda ya sauko daga bas ya miƙo maka tasa ƙwandalar a tafin hannu, ya karɓi amalanken da taka a ciki. Kowa ya huta.

Bas ɗin da ke sauke Orazali shi ne yake juyawa ya ɗauke mu. Yakan sauko a hankali, hannunsa riƙe da ƙarfen ƙofa, bai saki ba sai bakinsa ya fara aiki.

"Nesibeli, hasken idona! Matso da shi nan. Riƙe wannan, sadakinki nake ragewa."

"Da tenge ɗari? Ai ko akuyar gidanmu ba za ka saya ba."

"Kaɗan-kaɗan ne ai. Shi wancan maƙerin naki me ya biya? Ni dai na ji da tinkiya mai tari ya ɗauke ki."

"Tinkiyar dai tana da haƙora, kai fa?"

"Kin ji ta! Ba ta shigo gidana ba ta fara ƙirga min haƙora."

Sai ya sa mata ƙwandalar a tafi, ya naɗe mata yatsu a kai. Ta ce, "Tafi can, tsohon banza," tana gyara ɗankwali. Shi kuma ya kama mariƙin amalanken da hannu biyu, ya miƙe ƙirji, ya ratsa filin nan kamar ba abin da ke damun ƙafarsa. Duk wanda ke tashar ya san amalanken nan ne sandarsa. Ba wanda ya taɓa faɗa.

Ni ma ina tsaye da nawa amalanken a gefe. Bektursin ƙaninsu ne a shekaru, don haka ba a wasa da ni. Orazali yakan sa hannu a ƙirji ya ce, "Sannu, matar ƙanena, ya gida, ya yara?" In ce lafiya lau. Nawa wata 'yar makaranta ce za ta karɓa ba tare da ta dube ni ba, ko kuwa in tura shi in mayar, in dawo ina haki. A cikin bas Nesibeli takan yi ta juya ƙwandalar a hannu, kumatunta sun yi ja kamar na budurwa, tana cewa, "Wannan mutum Allah ya shirye shi." Ni kuma in dubi taga in yi istigfari.

Sagindik bai san da zancen ba sai ranar walimar jikarsu da ta fara tafiya. An cika falo, an kawo nama, kowa yana tashi yana sa wa yarinya albarka. Da aka zo kan Orazali, ya yi addu'arsa mai kyau, sannan ya ce, "Jama'a, tunda kuna nan ku zama shaida. Na kusa gama biya. Duk Alhamis ina zubawa, hannu da hannu, ita take karɓa da kanta. Da zarar ƙanƙara ta narke zan zo da mota in ɗauki abata. Amalanke ma ta riga ta saba turo min."

Falo ya ɗauki dariya. Aka yi ta bayani ga waɗanda ba su sani ba, aka sake dariya. Sagindik ma ya yi, haƙoransa duk a waje, ya ce, "Surutu dai." Ni ce ke zuba shayi a ɓangarensa. Da na zo kwashe kwanuka, na tarar da cokalinsa a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Kwana biyu muna jin ƙarar injinsa daga gareji. Sannan Nesibeli ta shigo wurina da wani abu a hannu, tana dariya tana girgiza kai. Ƙwandala ce ta tagulla, girmanta da kaurinta daidai da na tenge ɗari, ya huda ta ya zura jan zare. A fuska ɗaya ya zana harafin farko na sunanta, a ɗayar kuma 'yar fulawa irin wadda ke fitowa a dutsen ƙauyensu. Ban taɓa ganin ƙaramin abu mai kyau irinta ba.

Ta ce, "Kin san abin da ya ce? Wai daga yau ba na bukatar kuɗi. In saka wannan, in gama, in mayar da amalanke layinsa, in zaro abata. Wai kowa ya je ya ɗauko nasa, ai kanti ba ya rasa amalanke."

"Kika ce me?"

"Na ce to, tsoho. Na ce amma ka san ƙafar Orazali. Sai ya ce wai ƙafar da ta yi rawa a bikinmu har gari ya waye? Ƙarya yake, neman tausayi ne."

Na riƙe tagullar nan a hannuna na ɗan jima kafin na mayar mata. Mutumin da bai taɓa ce wa matarsa ta yi kyau ba, ya tsaya kwana biyu a garejin da ba abin ɗumama ɗaki yana zana mata fulawa don kada wani ya taɓa mata tafin hannu.

Alhamis ta zo, dusar ƙanƙara ta narke da rana ta sake daskarewa, filin kanti ya zama kamar gilashi. Nesibeli ta saka tagullar, ta shiga sumul. Muka gama, muka tura har tasha, muka sauke. Ta dubi ƙofar kanti, ta dubi bas da ke shigowa. Orazali ya sauko yana riƙe da ƙarfen ƙofa, ƙafar hagu tana neman inda za ta tsaya. Ba ta ƙara tunani ba ta tura masa.

Ya ga jan zare yana lilo, ya sunkuya ya duba. "Iye! Yau har da tukwici?"

"Ba tukwici ba ne. Ka dawo min da ita mako mai zuwa, kuma ka rufe bakin nan naka."

"Ni? Kin taɓa jin na yi magana?"

Washegari Juma'a. Mijin 'yata ne ya ba ni labarin abin da ya faru a ƙofar masallaci. An idar, ana neman takalma, sai ga Orazali da tagullar nan maƙale a ƙirjin kwat ɗinsa, a jere da lambar yabon da ma'aikatar jirgin ƙasa ta ba shi. Sagindik ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Ina ka samo wannan?"

"Wadda ta ba ni ta ce kar in faɗa. Aikin wani maƙeri ne, hannunsa ya fara rawa, fulawar ta karkace. Amma ta ce in yi haƙuri da ita haka."

Tsofaffi suka yi dariya har da masu tari. Sagindik ya sa takalminsa ya tafi, ko "surutu dai" ɗin bai ce ba.

Alhamis ta gaba muna saukowa daga bene sai ga shi a bayanmu, ya sa hularsa ta fata mai gashi. Nesibeli ta ce, "Ina zuwa, tsoho?" Ya ce, "Cefane." A kanti shi ya saka ƙwandala, shi ya tura. Bai san inda gishiri yake ba, bai san inda mai yake ba, sai duba tayoyin amalanke yake yana cewa wanda ya haɗa su bai san aikinsa ba. Da muka iso tasha aka sauke kaya, bai saki mariƙin ba.

Orazali ya sauko, tagulla tana walƙiya a ƙirjinsa. "A'a! Yau har da ɗan rakiyar amarya? Madalla, maƙeri, ka san ya kamata. Matsa gefe manya su gaisa." Ya miƙa hannu ta saman kafaɗar Sagindik zuwa wurin Nesibeli, ƙwandala a tsakanin yatsunsa.

Sagindik ya buge hannun. Ƙwandalar ta faɗi ta gangara a kan ƙanƙara har ƙarƙashin bas.

"Ya isa haka. Ka yi taka matar, ka binne ta. Bar min tawa."

Ban taɓa jin tashar nan ta yi shiru irin na ranar ba. Direban ma da ke shan taba a bakin ƙofa ya tsaya da ita a hannu. Nesibeli ta sa hannu ta rufe baki. Orazali ya dubi Sagindik kamar yana jiran ya ji sauran wasan. Da ya ga babu saura, sai ya kwance tagullar daga ƙirjinsa, yatsunsa suna ta fama da zaren, ya ajiye ta a cikin amalanken.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Sagindik Aga. Na wuce iyaka."

Aga. Yayan da ake girmamawa. Mutumin da aka haife su shekara ɗaya, suka yi kiwon tumaki tare.

Ya juya ya nufi kanti ba komai a hannunsa. Taku kaɗan ya yi ya kama madubin wata mota, ya tsaya, ƙafar hagu tana zamewa. Sagindik yana kallo, hannunsa har yanzu a kan mariƙi, fuskarsa ta yi fari. Ni dai na ga ba wanda ya motsa, sai na tura nawa amalanken har inda yake. Ya kama. Ya lalubi aljihu, na ce ya bar shi. Ya ce, "Allah ya saka, matar ƙanena."

Nesibeli ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Amma na shiga gidansu da yamma kai musu gurasar sadaka, na ga yadda take zuba masa shayi. Tun aurensu ɗan kaɗan take zuba masa a gindin kwano, ya shanye da zafinsa ta ƙara, kamar yadda ake yi wa wanda ake son zamansa. Ranar ta cika masa kwanon har baki, irin na baƙon da ake so ya sha ya tashi. Ya zauna yana kallon shayin har ya huce.

Orazali bai daina zuwa kanti ba, Sagindik ma bai daina ba. Sai dai yanzu in Orazali ya sauko, yakan sa hannu a ƙirji ya gaida Sagindik, ya gaida Nesibeli da cikakken ladabi, idonsa a ƙasa, sannan ya juyo wurina. Nawa amalanken yake karɓa. Ya sa min ƙwandala a tafi, ya yi godiya, ya tambayi yara. Ba zan ɓoye ba, na fara jiran Alhamis. Akwai daɗi ka san wani zai sauko daga bas ya nemi inda kake tsaye. Amma bai taɓa naɗe min yatsu a kanta ba, bai taɓa faɗa min maganar da zan ce masa tafi can ba. Ƙwandala ce kawai, mai sanyi.

Sagindik ya fara ramewa. Labari ya zaga, in ya shigo masallaci tsofaffi su yi masa gaisuwar kirki su matsa masa wuri, ba mai tsokanar sa. Wata Alhamis ya tura nasu amalanken da kansa har gaban Orazali.

"Karɓi, gurgu."

"Na gode, Aga. Na riga na samu."

"Wannan hular taka kamar mushen kyanwa."

"Gaskiya ne, Aga, ta tsufa. Zan sake wata."

"Har yanzu kana yi wa mutane ƙaryar ka je Mosko sau ɗari?"

"Na daina, Aga."

Mutumin da bai iya wasa ba ya kwana yana haɗa zagi uku, an karɓe su duka da hannu biyu an ajiye. Da Orazali ya kama nawa amalanken ya wuce, Sagindik ya bi shi da kallo, sannan ya juyo ya kalle ni. Na san kallon nan. Shi ne wanda yake yi wa duk wanda ya matso kusa da rigar sanyin Nesibeli a gidan biki. Ni aka yi wa shi, a kan Orazali.

A cikin makonnin nan na je ziyarar kabarin Bektursin. Kabarin Kulpan yana kan hanya. Ƙofar shingen ƙarfensa ta daɗe a karye tana rataye, ranar na tarar an sa mata sababbin maƙalai na tagulla, an shafa mai, tana buɗewa ba ƙara. Ban tambayi kowa ba, mai feƙe tagulla ɗaya ne a unguwarmu. Ban kuma sani ba ko Orazali ya je ya gani.

Wata Laraba bayan la'asar aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Sagindik ne, karo na farko tun rasuwar Bektursin da ya zo ba da guduma ba. Ya ƙi shigowa.

"Ulbolsin, ki daina ba shi amalankenki."

"In bar shi tsaye a kan ƙanƙara, Aga?"

"Ai akwai namu."

"Ka ba shi, ya ce ya samu."

"Don yana ganin naki ne."

"To in babu nawa, naku wa zai tura masa?"

Ya dubi tabarmar ƙofa. Ya cire hula ya mayar. Ya juya ya shige gidansa.

Na yi sallar magariba na daɗe a kan darduma. Abin da ake nema a wurina ƙarami ne, kunya ma nake ji in ce na ji nauyinsa, amma na ji.

Washegari a layin amalanke Nesibeli ta buɗe jaka tana neman ƙwandala, sai Sagindik ya zaro tagullar daga aljihun ƙirjinsa ya tura ta a makullin da babban yatsa, jan zare yana lilo. Ni kuma na sayi abin da zan iya ɗauka kawai. Da muka fito na mayar da nawa layinsa tun a bakin ƙofa, na ɗaura sarƙa, ƙwandalata ta turo kai, na sa ta cikin safar hannu. Na bi su a baya da jakunkuna biyu.

A tasha aka sauke kaya. Bas ya shawo kwana. Sagindik yana riƙe da mariƙin, yatsunsa sun yi fari. Sai da ƙofar bas ta buɗe sannan ya ce, "Bari in duba lokacin na gaba," ya saki, ya tafi gaban allon da ke jikin rumfar tasha ya juya mana baya. Allon nan rana ta cinye rubutunsa tun bara.

Orazali ya sauko, ya sa hannu a ƙirji, ya juyo wurina. Ya ga jakunkuna a hannuna, ba amalanke. Nesibeli ta turo nasu a hankali har ya taɓa masa ciki. Ya kama, don ba yadda zai yi. Ya dubi jan zaren. Ya dubi bayan Sagindik, da kunnuwansa da suka yi ja a ƙarƙashin hula. Ya daɗe haka, har direba ya leƙo yana duban mu.

Sannan ya sa hannu a aljihu.

"Nesibeli," in ji shi. "Farashi ya tashi ne, ko yana nan inda na bar shi?"

"Yana nan. Amma na makonnin da ka tsallake sun ƙone."

"Kin ji zalunci! Ɗiyar masu tinkiya mai tari." Ya sa mata ƙwandalar a tafi, ya naɗe yatsun, ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji. "Wancan gajeren da ya ba mu baya, dillali ne ko mai gadi? Karatu yake, ko allon ne ke karanta shi?"

Sagindik bai juyo ba. Ya ce da allon, "Ka dawo min da tagullata ran Juma'a, ɓarawo."

"Wace taka? Kyauta aka ba ni."

"Gurgun banza."

"Gurgun da ya kusa gama biya."

"Surutu dai," in ji Sagindik. Ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, wai sanyi.

A cikin bas suka zauna a kujerar gabana. Sagindik bai bari an kai gada ba ya buɗe tafin hannun Nesibeli, ya ɗauke ƙwandalar Orazali ya jefa a aljihunsa, ya ba ta wata daga nasa. Ta ce, "Ai duk ɗaya ne, tsoho." Ya ce ba ɗaya ba ne. Sannan ya ɗauki jakarta ya ɗora a cinyarsa ya rungume.

Har yau duk Alhamis tare muke tafiya. Tagullar ba ta koma hannun Sagindik ba, tana ƙirjin Orazali, duk Juma'a sai an yi rigima a kanta a wurin takalma. Da bas ya shawo kwana Sagindik zai tafi duba allonsa. Nesibeli tana tsammanin ba ya kallo. Ni da nake tsaye a gefe da jakunkunana ina ganin idonsa a gilashin rumfar, yana bin hannun nan tun daga aljihu har tafinta.